Kowane Gini da Littafinsa: Sharhi kan Lissafin Kuɗin Kwangilar Gini a Kano

Tun daga ranar 26 ga Yunin 2025, da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji, aka kuma tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da su, 'yan kwangilar gini a Kano suke jin magana ɗaya daga bakin akantoci: a ajiye lissafi, kuma a ware na kowane aiki daban. Da yawa daga cikinsu sun ɗauka wannan sabon sharaɗi ne da hukumar haraji ta ƙirƙiro. Ba haka ba ne. Tsohuwar hanya ce ta lissafi wadda duk mai yin aiki bisa odar mutum yake buƙata, ko da babu mai tambayarsa haraji. Abin da ya canza shi ne zamanin da ake iya yin sakaci da ita a kwana lafiya ya wuce.

Mene ne lissafin aiki ɗaya-ɗaya?

Mai gidan bulo yana buga bulo dubu a rana, kowanne kamar ɗan'uwansa. Idan yana son sanin nawa bulo ɗaya ya tsaya masa, sai ya tara abin da ya kashe kan siminti da yashi da ruwa da ladan ma'aikata, ya raba da yawan bulon, shi ke nan. Ɗan kwangilar da ke gina wa mutane gidaje bisa zanen da suka kawo ba zai iya yin haka ba, domin babu gini biyu da suke ɗaya. Gida mai ɗaki huɗu a Rijiyar Zaki, da jerin shaguna a Hotoro, da gyaran tsohon gida a cikin birni, kowanne da ƙasarsa, da zanensa, da halin mai shi.

Saboda haka akan buɗe wa kowane aiki shafinsa, a ba shi lamba, duk kwabon da aka kashe a rubuta shi a ƙarƙashin lambar aikin da ya ci shi. Kuɗin da ke shiga shafin kashi uku ne. Akwai kuɗin kaya: siminti, rodi, bulo, yashi, tsakuwa, katako, kwano, tayil. Akwai ladan waɗanda suka taɓa ginin da hannunsu: birkila, lebura, kafinta, mai ɗaurin rodi, mai fenti, mai wayarin, mai aikin famfo. A nan akan haɗa da sauran abin da aka kashe don wannan aikin kaɗai, kamar tankar ruwa, hayar injin kwaɓa siminti ranar zuba deki, mai gadin fili, da kuɗin neman izinin gini a hukumar tsara birane ta jihar Kano (KNUPDA) idan ɗan kwangilar ne ya ɗauki nauyinsa. Na ukun shi ne kuɗin tafiyar da sana'ar kanta, wanda ba na wani gini ɗaya ba ne: hayar ofis da sito, albashin fomen da direba, mai da gyaran motar ɗaukar kaya, katin waya, da tsufan kayan aiki. Kashi biyun farko ba su da wahalar ganewa. Na ukun ne yake cinye ribar mutane ba su sani ba.

Abin da ya sa lissafin aljihu ɗaya ya daina aiki

Yadda ƙananan 'yan kwangila da yawa suka saba shi ne duk kuɗin da ya shigo ya faɗa asusu ɗaya. Alhaji wane ya turo kafin alƙalami na sabon gida, a ɗauka a ƙarasa fulastan wani aikin da kuɗinsa ya ƙare, da niyyar in wancan ya biya ciko a mayar. Muddin farashi yana tsaye kuma sabon aiki yana shigowa, dabarar tana tafiya, har mutum ya shekara goma yana ganin kansa cikin riba.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, su suka tona asirin wannan tsari. Kuɗin dakon tifar yashi ya tashi, rodi da tayil da kayan wuta suka bi dala, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairun shekarar, aka sanar da farashin naira 7,000 zuwa 8,000. A Yulin 2024 kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuma ko da yake leburan gini ba albashi yake karɓa ba, tsadar abinci da ta mota ta ɗaga ladan yini. Wanda ya karɓi kwangila a farashin watan Janairu ya je Ƙofar Ruwa sayen rodi a watan Yuni, ya tarar kuɗin ba zai kai ba. Idan aiki uku yake riƙe da su cikin aljihu ɗaya, ba zai ma iya faɗin wanne ne ya jawo giɓin ba.

Kayan gini: inda lissafi yake fara zubewa

A takarda abin yana da sauƙi, a filin aiki ne yake rikicewa. A ce an sauke buhun siminti 200 a sito a kan naira 9,000, bayan wata guda aka ƙaro 200 a kan 10,400. Fomen ya ɗebi buhu 150 zuwa Hotoro. A wane farashi za a rubuta su? Akantoci suna da hanya biyu da ƙa'idojin lissafi na duniya, waɗanda Nijeriya take bi, suka amince da su. Ko dai a ɗauka wanda ya fara shigowa shi ya fara fita, a rubuta 9,000, ko a ɗauki matsakaici, a rubuta 9,700. Ta farko tana sa aikin da ya fara ɗiba ya fito da riba mai kyau, na bayansa ya ɗauki tsadar. Ta biyu tana raba nauyin. Kowacce aka zaɓa, a tsaya a kanta, kada a riƙa sauyawa gwargwadon wanda ake son faranta wa.

Amma wajen ba da farashin sabon aiki, duk biyun ba su da amfani. Wanda ya yi wa mutum lissafi da farashin simintin da ke ajiye a sitonsa, alhali in ya ƙare sai ya sayo a farashin yau, ya yi kyautar bambancin ne bai sani ba.

Sai kuma yawon kaya tsakanin filaye, wanda shi ne babbar kafa. Siminti ya ƙare a Hotoro da rana tsaka, birkiloli suna zaune, aka kira direba ya kwaso buhu 40 daga Rijiyar Zaki. Babu wanda ya yi sata, amma idan ba a rubuta ba, an ɗora wa gidan Rijiyar Zaki kusan naira 400,000 da bai ci ba, shagunan Hotoro kuma sun fito da ribar ƙarya. Maganinsa 'yar takarda ce mai kwafi biyu: kwanan wata, abin da aka ɗauka, daga ina zuwa ina, sa hannun mai bayarwa da mai karɓa. Haka katakon deki da aka sayo a 'Yan Katako na Na'ibawa: idan zai yi aiki uku kafin ya lalace, bai kamata aikin farko ya ɗauki kuɗinsa gaba ɗaya ba. Guntayen rodi da suka rage daga mai tsawon mita 12, da buhunan da suka daskare saboda danshin damina, da yashin da ruwa ya janye, duk suna da gurbi a shafin. Ɓarnar da aka saba gani tana cikin kuɗin aikin. Wadda sakaci ya jawo, kamar barin siminti a ƙasa babu katako a ƙarƙashinsa, asarar ɗan kwangila ce, bai dace a lulluɓe ta cikin lissafin mai gida ba.

Lada: jinga da aikin yini

Aikin jinga yana da sauƙin rubutawa, tunda an yi ciniki kan abu sananne, kamar ɗora bulo zuwa linta ko buga kwano. Abin lura kawai shi ne a rubuta cikakken kuɗin jingar a matsayin abin da ke kan aikin, ba abin da aka riga aka miƙa kaɗai ba. Aikin yini shi ke buƙatar rajista ta kullum, musamman idan ana ɗauke leburori daga wannan fili zuwa wancan kafin la'asar. Ranar da aka tara ma'aikata tifa ba ta zo ba, aka sallame su da rabin lada, ita ma kuɗi ce, kuma idan aka rubuta dalilinta, a ƙarshen aiki za a ga ko jinkirin daga mai gida ne ko daga ɗan kwangila.

Rabon kuɗin tafiyar da sana'a

Tunda ba za a jira ƙarshen shekara kafin a san abin da kowane gini ya ci ba, akan yi ƙiyasi tun farko. A ɗauki misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai. Ɗan kwangila ya ƙiyasta cewa ofis da mota da fomen da sauransu za su ci naira miliyan 12 a shekara. Yana sa ran ayyukansa za su ci miliyan 150 na kaya da lada, kuma ma'aikatansa za su yi yini 6,000 idan aka tara na kowa. Yana iya cewa kowane aiki ya ɗauki kashi 8 cikin 100 na abin da ya ci, ko kuma ya ce kowane yinin ma'aikaci ɗaya ya ɗauki naira 2,000.

Zaɓin ba ƙaramin abu ba ne. A ce yana gina wa wani kamfani ofis wanda kaya da lada suka ci miliyan 41, ma'aikata suka yi yini 1,200. Yana kuma gyaran wani tsohon gida a lungun cikin birni, inda tifa ba ta shiga, sai a juye yashi a bakin titi, yara su yi ta jigilarsa a baro suna kauce wa masu wucewa, a fitar da tsohuwar ƙasa da kwanon sarki. Wannan aikin ya ci miliyan 10 kacal, amma yini 900. Da hanyar kashi 8, ofis zai ɗauki miliyan 3.28, gyaran gida ya ɗauki 800,000. Da hanyar yini, ofis zai ɗauki miliyan 2.4, gyaran gida ya ɗauki miliyan 1.8. Bambancin miliyan ɗaya a aikin miliyan 10 ya isa ya mayar da riba faɗuwa.

Masu goyon bayan hanyar kashi suna cewa ta fi sauƙi, kuma aiki mai tsada ya fi iya ɗaukar nauyi. Masu goyon bayan hanyar yini suna cewa fomen da mota lokaci suke ci, ba tsadar tayil ba, kuma aikin da ya tsare su wata uku a lungu shi ya kamata ya biya. Ga wanda ayyukansa suke kama da juna, hanyar farko ta wadatar. Ga wanda yake haɗa sabon gini da gyare-gyare, hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce take bayyana abin da ya sa 'yan kwangila da yawa suke ƙorafin cewa aikin gyara wahala ce babu riba, alhali su ne suke sa masa farashin da bai kai ba. A ƙarshen shekara akan gwada ƙiyasin da abin da aka kashe a zahiri. Idan miliyan 14 ta tafi maimakon 12, ribar da aka gani a shafuka ta ragu da miliyan 2, sai a gyara ƙiyasin baɗi.

Kafin alƙalami ba riba ba ne

A ci gaba da misalin ofishin, a ajiye harajin kayayyaki (VAT) a gefe don sauƙi. Kwangilar miliyan 48 ce. Kaya miliyan 31, lada miliyan 7.5, ruwa da hayar inji da dako miliyan 2.5, jimilla 41. Da kasonsa na kuɗin tafiyar da sana'a, miliyan 3.28, aikin ya tsaya a miliyan 44.28, riba miliyan 3.72.

Yanzu a duba abin da ya shiga hannu. Tunda kamfani ne ya ba da aikin, zai cire harajin da ake riƙewa tun wajen biya, wanda ƙa'idojin 2024 suka sa kashi 2 cikin 100 ga aikin gina gidaje da hanyoyi da gadoji idan ɗan kwangilar na cikin gida ne, wato naira 960,000. Idan yarjejeniyar ta tanadi riƙe kashi 5 har sai an ga ginin bai nuna aibi ba, kamar yadda aka saba a manyan kwangiloli, miliyan 2.4 ta sake tsayawa. Abin da ya karɓa miliyan 44.64 ne. Ranar miƙa makulli, naira 360,000 kaɗai ce ta rage masa a hannu daga ribar da ta kusa miliyan 4. Sauran tana nan, amma sai ya bi ta: ɗaya a wurin mai aiki, ɗaya a matsayin shaidar biyan haraji da za a cire masa daga abin da ake binsa. Wanda bai rubuta ba yakan manta da ta biyun ɗungurungum.

Akasin haka ma yana faruwa a tsakiyar aiki. Idan an kashe miliyan 22.14, wato rabin abin da aka ƙiyasta, aikin ya kai rabi, kuɗin da ɗan kwangila ya cancanta miliyan 24 ne. In ya riga ya karɓi miliyan 30, to miliyan 6 ɗin bashi ne a kansa, aiki zai biya da shi. Wannan shi ne tunanin da ke cikin ƙa'idar lissafi ta IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018. Rodin da aka sayo aka jibge ba a ɗaura ba bai kamata a ƙirga shi cikin ci gaban aiki ba. Kuma idan lissafi ya nuna tun a tsakiya cewa aikin faɗuwa zai yi, ƙa'ida ita ce a amince da asarar nan take, kada a jira ƙarshe.

Irin yarjejeniya, da wanda tsada take faɗa wa

A Kano an fi ganin salo uku. Akwai kwangilar jimla, ɗan kwangila ya karɓi kuɗi sananne ya miƙa makulli. Mai gida ya huta, amma duk tashin farashi a wuyan ɗan kwangila yake, kuma idan ya matsu jarabar rage siminti a kwaɓi ko sauya rodi mai milimita 16 da mai 12 tana ƙaruwa. Akwai wanda mai gida yake sayen kaya da kansa ya ba da jingar aiki. Yana ganin inda kuɗinsa yake zuwa, sai dai ɓarnar kaya da jinkiri nasa ne, kuma mai aikin ba shi da dalilin tattali. Na uku shi ne a biya abin da aka kashe a ɗora wa ɗan kwangila kaso sananne. Wannan ya fi dacewa da lokacin da farashi ba ya tsayawa, amma ba ya yiwuwa sam sai da shafin lissafi da rasit, kuma masu sukarsa suna da gaskiya da suke cewa wanda kasonsa yake ƙaruwa da tsadar aiki ba zai damu da neman sauƙi ba. Shi ya sa wasu suke mayar da ladan kuɗi tsayayye maimakon kaso.

Fiƙihu ma bai bar wannan fage ba. Malamai sun san cinikin istisna'i, wato a ba mutum odar ya ƙera ko ya gina abu, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta amince da shi bisa sharaɗin a bayyana irin abin da siffarsa da yawansa da lokacin miƙawa, ta kuma halatta biya kashi-kashi. Yawancin rigimar gini da ke kaiwa gaban masu unguwa da kotuna daga rashin wannan bayani take tasowa, musamman kan ƙarin aiki. Mai gida ya zo zagaye ranar Juma'a ya ce, "Injiniya, a ƙara min taga a nan, kicin ɗin kuma Hajiya ta ce ya yi ƙanƙanta." Ɗan kwangila ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Babu wanda ya ambaci kuɗi, don kunya. Bayan wata huɗu ɗaya yana ganin alfarma aka yi masa, ɗayan yana ganin bashi yake bi. A tsarin lissafin aiki ɗaya-ɗaya, kowane canji yana da layinsa da farashinsa, kuma a sa hannu kafin a fasa bango.

Hujjar masu ƙin rubutu

Ba duk mai ƙin wannan tsari ne yake da abin ɓoyewa ba. Ƙaramin ɗan kwangila zai ce ba shi da kuɗin ɗaukar akanta, direban tifa da 'yan garuwa ba sa ba da rasit, fomen ɗinsa gwani ne a gini amma rubutu yana ba shi wahala, kuma littafin da ya nuna komai shi ne zai jawo masa jami'in haraji. Uku na farko matsaloli ne na gaske, sai dai sun ragu, tunda yawancin biya yanzu ta taransifa ake yi, kuma rubuta lambar aiki a wurin bayanin turawa ya riga ya zama rabin lissafi. Inda babu rasit, takardar biya da mai karɓa ya sa wa hannu ko ya dangwala tana tsayawa. Littafi mai bango ɗaya ga kowane fili ya isa a fara, kafin a kai ga kwamfuta.

Ta huɗun kuwa a juye take. Haraji kan riba ake ɗora shi, kuma wanda ba zai iya nuna abin da ya kashe ba ya bar wa hukuma ƙofar yi masa ƙiyasi daga kuɗin da aka ga ya shiga asusunsa, a sana'ar da miliyan 48 take haifar da ribar da ba ta kai 4 ba. Sabuwar dokar ta yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, amma sai da lissafi mutum zai tabbatar da cewa shi ƙarami ne. Ta kuma bar harajin kayayyaki a kashi 7.5, tare da faɗaɗa damar cire wanda aka biya wajen saye, damar da ba ta samuwa sai da rasit. Kamfanin da ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin kamfani mai zaman kansa yana hulɗa da hukumar haraji ta tarayya, wadda ta koma NRS daga FIRS, mai sana'a da sunan kansa kuma da hukumar haraji ta jihar Kano, KIRS.

Abin da zai shafi mai gida da lebura

Mai gina gida, musamman wanda yake aiki a Abuja ko Legas ko Saudiyya yana turo kuɗi ta hannun ɗan'uwa, shi ne zai fi cin moriya, domin yana da damar neman ganin shafin gininsa a kowane mataki: harsashi, linta, deki, rufi. Zai kuma iya ɗaukar ƙwararren mai ƙididdigar kayan gini ya fitar masa da jerin kaya da yawansu tun daga zane, ya riƙa gwadawa da abin da aka rubuta. Sai dai ya shirya jin farashin da ya ɗara na da, saboda ɗan kwangilar da ya san ainihin abin da aiki yake ci zai daina karɓar aikin faɗuwa, kuma wanda zai zo da farashi mafi araha sau da yawa shi ne wanda bai yi lissafin ba.

Ga lebura da birkila, rajistar yini tana rage gardamar "kwana nawa ka yi", kuma ware kuɗin kowane aiki yana rage yawan ranar Alhamis da ake cewa a yi haƙuri sai mako mai zuwa don an karkatar da kuɗin zuwa wani fili. A gefe guda, ɗan kwangilar da ya fara ganin nawa zaman jiran kaya yake ci masa zai rage kiran mutane barkatai, zai kuma fi karkata ga jinga, wadda take mayar da nauyin jinkiri kan mai aikin hannu.